Akwatin Baba a Cikin Gilashi

Litinin, 3 ga wata, 8:20 na safe

Mai Kujeru, mai kamfanin kujerun da nake yi wa rubutu, ya kira ni tun ban ajiye kofin shayi ba. Wai tunda aka ɗora shafin "Asalinmu" a intanet wayar kamfaninsa ba ta huta ba, har wata mata ta ce masa ta yi hawaye. Na ce aikina ke nan, ranka ya daɗe.

Kuma aikina ne. Shekara goma sha tara ina yi wa 'yan kasuwa rubutu: shafin intanet, takardar talla, littafin koya wa sababbin ma'aikata aiki. Na fara ne da buga wa mutane takardar neman aiki a lungun wani shagon fotokofi, da kwamfutar da sai an daki gefenta take tashi. Sakandare kawai na yi, ita ma da ƙyar. Yau masu digiri biyu ke zuwa in rubuta musu, su sa sunansu a ƙasa. Ba wanda ya ɗaga ni. Haka na rubuta a nawa shafin, kuma haka yake.

Yana so in je ofis da rana. Akwai shawara, in ji shi.

Litinin, 4:45 na yamma

Akwatin yake so.

Bari in rubuta yadda aka yi, don in na karanta wata rana in san ba da mugun nufi na yi ba. Watan jiya na zauna da shi awa biyu ina tambayarsa tarihinsa, yadda nake yi wa kowa. Babu komai a ciki. Surukinsa ne ya saya masa masana'antar, da injinanta da ma'aikatanta. Mahaifinsa ɗan kwangila ne, bai taɓa riƙe guduma ba. Na dawo gida da takarda fara fat. Shi kuwa mai sayen kujera yana so ya san hannun wa ya bi ta kanta.

Sai na rubuta masa kafinta. Uba mai ƙaramar rumfa, da koren akwatin kayan aiki mai hannun fata. In ya gama kujera sai ya kifa ta, ya goge ƙasanta har ya yi santsi. Ɗansa ya ce, "Baba, wa zai ga nan?" Ya ce, "Ni na gani." Daga nan na ciro wa kamfanin take: Muna goge inda ba a gani. Yanzu yana jikin motocinsu huɗu.

Minti arba'in rubutun ya ɗauke ni. Ban tsaya tambayar kaina me ya sa ya zo da sauƙi haka ba.

Ranar Asabar 22 ga wata zai buɗe sabon ɗakin baje kaya, yana so a sa akwatin a gilashi daidai bakin ƙofa. Ya ce, "Marubuci, ka shiga kasuwar tsofaffin kaya ka samo mana irinsa. Kore dai, a ɗan kankare masa fenti."

Na ce na kasuwa ana ganewa.

Ya ce, "Wa zai gane?"

Na ce, "Ni zan gane." Sai da maganar ta fita na ji muryar wa na ara. Maimakon in yi shiru sai na ƙara da cewa akwai na gaske.

Bai tambayi na wane ne ba. Mai kuɗi ba ya tambayar abin da amsarsa za ta ba shi wahala.

Talata, 4 ga wata, 7:00 na safe

Sana'a ce. Kowa yana yi.

Laraba, 5 ga wata, 5:30 na yamma

Na je gidan Yaya. Mu biyu muka rage a gidanmu, ita babba, ni auta, kuma ita ta yi jinyar Baba har ƙarshe. Na same ta a tsakar gida tana ninke yadin da take sayarwa, tabarau a kan hanci.

"Auta, da rana tsaka? Wutar ofis ce ta ɗauke, ko matarka ce ta kore ka?"

Shekarata arba'in da shida, ina da furfura a gemu, har yanzu Auta.

Mun yi hirar gwiwarta, da hawan jini, da maƙwabcin da ya sa injin niƙa jikin katangarta. Da na miƙe zan tafi na ce, kamar yanzu na tuna, ko akwatin Baba yana nan? Ina so in goge wa kayan tsatsa, in sa musu mai, yara ma su gani.

Ta cire tabarau.

"Shekara goma sha huɗu," ta ce. "Ya ce min kada in ba ka sai ka tambaya da bakinka. Har na fara tunanin zan je in same shi in ce masa ba ka tambaya ba."

Da wannan gwiwar ta durƙusa ta jawo shi daga ƙarƙashin gado. Na ce ta bari in jawo, ta ce a'a, ita aka ba amana. Ta goge ƙurar da gefen mayafinta. Tabon ƙunar yana nan a kan murfin, inda ta kifar da fitila tana ƙarama, Baba ya ce a bar shi, sa hannunta ne.

Ta raka ni har bakin titi, abin da ba ta saba ba. Ta ce wa mai keke napep ya tafi a hankali, uban mutum ya ɗauko.

Laraba, 6:10 na yamma

Nawa ne ashe. In nawa ne, ina da ikon ba da aronsa. Sati uku ne kawai.

Alhamis, 6 ga wata, 1:15 na rana

Akwatin yana ofis, bayan ƙofa, na rufe shi da tsohon labule. Ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki: guduma, zarto biyu, magagari, igiyar awo, guntayen fensir. Ofishin duk ya ɗauki warin katako da man inji, har mai shagon waya na kusa ya leƙo yana tambaya ko teburi na saya.

Na zauna gyaran littafin horarwar wani gidan burodi. Shafi uku, awa huɗu. Ba halina ba ne.

Juma'a, 7 ga wata, 3:40 na yamma

Na kai. Mai Kujeru ya shafa murfin, ya ga tabon, ya ce wannan ma a ƙara shi cikin labarin. Ya ce a ce shi ya kifar da fitilar.

Na ƙara. Layi biyu ne.

Na kuma rubuta katin da za a jingina a gaba: "Kayan aikin mahaifin Shugaban Kamfani." Har na zaɓi irin haruffan, masu kama da rubutun hannu. Ya ce in tsaya a sha lemo, na ce ina da aiki.

Lahadi, 9 ga wata, 10:00 na safe

Maman yara ta tambaye ni jiya, "Wai ina rubutun mai kujerun nan? Ba ka ba ni ba."

Doka ce na kafa tun farko: duk abin da na rubuta sai ta karanta kafin ya fita. In ta gane, kowa zai gane. In ta tsaya a layi ta ce "me kake nufi a nan," to layin ya mutu. Shekara goma sha shida ba rubutun da ya tsallake ta, har takardar tallan maganin sauro.

Na ce an matsa min da lokaci ne.

Ta ce, "To." Ta ci gaba da yankan albasa. Wannan "to" ɗin na san shi.

Litinin, 10 ga wata, 2:00 na rana

Aro ne. Ba sayarwa na yi ba.

Laraba, 12 ga wata, 9:05 na safe

Yaya ta kira, murya cike da murna. Ta ji talla a rediyo, wani mai kamfanin kujeru yana ba da labarin mahaifinsa da bakinsa.

"Auta, wallahi kamar Baba. Har kifa kujerar. Har 'ni na gani' ɗin. Na ajiye almakashi na zauna. Ashe mutanen da irinsu ɗaya ne, ko'ina suke. Ka ga wannan ɗan albarka, ya yi arziki bai ji kunyar cewa ubansa kafinta ne ba."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Ka goge tsatsar?"

Na ce na fara.

Ni na rubuta tallan. Daƙiƙa arba'in da biyar. Ni na tsaya a kansa a ɗakin ɗaukar murya, na nuna masa inda zai ja numfashi kafin ya ce "ni na gani," don abin ya shiga zuciya. Ya kuwa shiga.

Laraba, 1:30 na rana

Ban taɓa cewa ina jin kunyar Baba ba. Ban dai ambace shi ba ne. Akwai bambanci.

Abin da ya faru tsakaninmu tsohon zance ne. Ina shekara goma sha bakwai na rubuta masa takardar talla da hannuna, na kai aka buga guda hamsin, zan raba a kasuwa. Ya karanta ya ce shi bai yi "kujerun da suka fi na kowa" ba, kada in sa masa ƙarya a baki. Abin da na faɗa masa a ranar ba zan rubuta a nan ba. Na bar rumfar, ban ƙara riƙe zarto ba.

Juma'a, 14 ga wata, 4:20 na yamma

Kamfanin ya saka hoton akwatin a intanet, an rubuta saura kwana takwas. Hoton ya fito tas. Tabon yana tsakiya.

Yaya ba ta da irin wannan wayar. Amma masu sayen yadinta suna da ita.

Asabar, 15 ga wata, 11:00 na safe

Na kira ta sau biyu. Tana ƙara, ba a ɗauka.

Asabar, 5:00 na yamma

Sau biyar.

Lahadi, 16 ga wata, 12:30 na rana

Maman yara ta je gidan Yaya da safe ba tare da ta faɗa min ba. Ta dawo ta ajiye jaka, ta kori yara waje, ta zauna a kujerar da ke fuskantar tawa.

"Na karanta," ta ce. "Ya yi kyau. Duk rubutunka ba wanda ya kai shi. Ba layin da na tsaya."

Na fara bayani. Cewa haka ake yi a wannan sana'a, kowane kamfani yana da labari, rabi ƙagagge ne. Cewa ban ambaci sunan Baba ba. Cewa aro ne.

Ta ce, "Abban yara, ni ba mai ba ka aiki ba ce, ka daina yi min talla."

Na tambayi abin da Yaya ta ce.

"Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Wata mai sayen yadi ce ta nuna mata hoton, wai ga akwatin mutumin rediyon nan da kike yabo. Ta ce ta riƙe wayar har haskenta ya ɗauke. Saƙo ɗaya ta ba ni. Ta ce in tambaye ka: kai ka rubuta a shafinka ba wanda ya ɗaga ka, shi kuma ka rubuta masa yana da Baba. Wai wanne ka fara rubutawa?"

Nawa na fara rubutawa. Shekara tara da suka wuce.

Ta ce kuma kada in je gidan. Ba korata ta yi ba, in ji ta, amma ba ta san da wace fuska za ta ba ni ruwa ba.

Litinin, 17 ga wata, 6:50 na safe

Yau ban ce sana'a ce ba. Na rubuta na soke.

Talata, 18 ga wata, 3:15 na yamma

Na je masana'antar da sunan duba yadda ake amfani da littafin horarwar da na rubuta musu. A bayan injinan akwai wani dattijo, shugaban kafintoci, kowa Tsoho yake ce masa. Shi aka sa ya jera kayan akwatin kafin a rufe gilashi. Na same shi da gudumar a hannu yana jujjuya ta.

"Malam marubuci, kai ne ka ƙara mana aiki ko? Shafi na goma sha ɗaya. A kifa kujera a goge ƙasa. Da can ko kallon wurin ba ma yi, yanzu sai mai gida ya zo ya sa hannu ya shafa. Mahaifinsa ne ya koya masa, wai." Ya yi dariya, haƙoransa biyu na gaba babu.

Na ce haka aka ba ni labari.

Ya miƙo min ƙotar. "Kama. A'a, da ɗayan hannun. Ka ji inda babban yatsa ya ci katakon? Mai wannan gudumar bahago ne. Dubi zarton ma. Shekara talatin aƙalla." Ya karɓe ta daga hannuna a hankali. "Na yi aiki a gidan mahaifin mai gida, na gyara musu ƙofofi. Mutumin kirki ne, amma abin da ya fi biro nauyi bai ɗauka ba." Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Kai da wane hannu kake rubutu?"

Na ce da dama.

"An tilasta maka a makaranta ke nan. Yadda ta zauna maka a hagu na gani."

Ya shimfiɗa gudumar a kan jan ƙyalle kamar mai kwantar da jariri.

Laraba, 19 ga wata, 11:40 na safe

Na shiga wurin Mai Kujeru na faɗa masa. Ban yi kwana-kwana ba, wannan dai zan iya rubutawa ba kunya. Na ce akwatin na mahaifina ne, labarin ma nasa ne, ina son kayana.

Bai yi mamaki ba. Ya ce ai ya sani tun ranar da na ce akwai na gaske.

Ya buɗe durowa ya ciro yarjejeniyarmu. Sakin layi na shida: duk abin da marubuci ya rubuta ya zama mallakin kamfani har abada, kuma ba zai bayyana cewa shi ya rubuta ba. Ni na tsara wannan sakin layin shekaru da suka wuce, ina alfahari da shi, shi ne ke sa manya su yarda da ni.

Na ce rubutun nasa ne, na sani. Akwatin aro ne.

"To a bar aron ya yi aikinsa. Wata shida. An buga katin gayyata da hotonsa, Marubuci. Surukina zai zo. In aka ga gilashi babu komai me zan ce, ɓarawo ya sace min uba?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sai ya daina. Ya juya kujerarsa wajen taga.

"Ka san wani abu? Nawa mahaifin bai taɓa zama da ni na minti goma ba. Direba ya rene ni. Tun da na fara ba da labarin nan, wallahi har na fara ganin fuskar mutumin. Jiya na faɗa wa ɗana, ya ce yana son ya koyi kafinta." Ya juyo. "Kai kuma ba ka amfani da shi. Na duba shafinka."

Da zagina ya yi da na san abin faɗa.

Ya ce in yi tunani. Ya tuna min da littattafan horarwa uku da ke gaba, da abokansa da ya tura min. Bai faɗa da barazana ba, lissafi kawai ya yi min.

Alhamis, 20 ga wata, 5:20 na yamma

Motarsu ta wuce ni a titi. Muna goge inda ba a gani. Haruffan sun yi kyau.

Juma'a, 21 ga wata, 8:00 na safe

Wata shida ba shekara ba ce. Yaya za ta huce. Ta saba hucewa.

Asabar, 22 ga wata, 9:10 na safe

Na sa babbar riga fara. Maman yara ta goge min ita. Da zan fita ta ce ita ba za ta je ba, tana da wanki.

Asabar, 4:30 na yamma

Zan rubuta a jere kafin in fara gyara wa kaina labarin.

Ɗakin ya cika. Kujeru ko'ina, ƙamshin sabon fenti, masu ɗaukar hoto. Akwatin yana bakin ƙofa a gilashi, da fitila a kansa, da katina a gaba. An yanke ƙyalle, an yi tafi. Ina tsaye can baya kusa da wata kwaba.

Sai na ga Yaya. Ta sa zanenta mafi kyau, wanda ta hana kanta sayarwa, tana dogara lema saboda gwiwa. Ba wanda ya tare ta, ta yi kama da uwar wani babba. Ta tsaya gaban gilashin. Ta sa tabarau ta karanta katin, bakinta yana motsi.

Mai Kujeru ya hango dattijuwa ta daɗe a tsaye, ya zo da fara'arsa. "Mama, sannu da zuwa. Na mahaifina ne. Kin ga tabon nan? Ni na yi shi da fitila ina yaro."

Ta ce, "Allah sarki. Bai dake ka ba?"

Wannan ba ya cikin rubutun. Idonsa ya nemo ni cikin mutane. Ya ce, "Ya ɗan yi faɗa."

"Ikon Allah," ta ce. "Ni da na yi, cewa ya yi a bar shi."

A hankali ta faɗa, shi kaɗai ya ji, sai ni da na matso ban san na matso ba. Ba ta dube ni ba. Ta ce masa, "Allah ya sa albarka a kasuwa, ɗana. Ku riƙa goge ƙasan da gaske, ba ya son a faɗi abin da ba a yi ba." Ta juya ta nufi ƙofa.

Ta rufa min asiri. A gaban mutum ɗari biyu ta rufa min asiri, kuma shi ne abin da na kasa ɗauka.

Na ce, "Ranka ya daɗe, makullin gilashin."

Ya ce a kunnena, "Ba yanzu ba. Gobe. Na yarda, gobe."

Na ce yanzu. Muryata ta ɗan ɗaga, surukinsa ya waiwayo. Tsoho ne ya fito daga bayan mutane da makullin a hannu, ashe shi ke riƙe da shi. Ya dubi mai gidansa. Mai gidansa ya dubi ƙasa. Tsoho ya buɗe.

Ni na mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ana kallo. Wani mai hoto ya ɗauka yana zaton cikin shiri ne. Wata mata ta tambayi ta kusa da ita ko wane ne wannan, ta ce mata ma'aikaci ne. Na kama hannun fatar, ya tsinke, shekarunsa sun kai. Sai na saɓa shi a kafaɗa. Man inji ya zubo min a farar riga tun daga wuya har aljihu.

Katin na bari a gilashin. Nasa ne, sakin layi na shida.

Da na fito Yaya ta riga ta hau keke.

Lahadi, 23 ga wata, 10:15 na safe

Saƙo daga sakatariyarsa: an dakatar da sauran ayyukan. Biyu daga abokansa ma sun aiko, kowa da uzurinsa. Saƙon a gyare yake, da ladabi. Ina jin daga samfurin wasiƙun da na rubuta musu ta ɗauko.

Tallan yana nan a rediyo. Na ji shi sau biyu kafin shayi. An ce sun sa wani koren akwati a gilashin tun jiya da yamma.

Lahadi, 6:00 na yamma

Na kai mata. Na tsaya a ƙofar gida na yi sallama sau uku kamar baƙo.

Tana tsakar gida. Ba ta ce Auta ba. Ta ce, "Shigo, kana tare wa mutane hanya."

Na ajiye shi gabanta. Na shirya jawabi tun a hanya, mai farko da tsakiya da ƙarshe. Na buɗe baki ta ɗaga hannu.

"Kada ka rubuta min komai da baki. Kwana nawa ya yi a wurinka kafin ka kai musu?"

Na ce biyu.

"Ka buɗe?"

Na ce a'a.

"Ka kifa shi?"

Na dubi akwatin.

"Kai da ka sa 'inda ba a gani' a jikin mota. Fitar da kayan ka kifa shi."

Na fitar, na kifa. Ƙasan akwatin santsi kamar tafin hannu. A tsakiya an manna takarda da gam, an bi ta da man goge katako don kada ta lalace, ta yi ja saboda shekaru. Takardata ce, ta shekara goma sha bakwai. KUJERUN DA SUKA FI NA KOWA. An ja layi da fensir a kan "da suka fi na kowa," an rubuta a sama da rubutunsa mai karkata baya: masu ƙarko.

Ba yar da ita ya yi ba ashe. Gyarawa ya yi.

"Sauran arba'in da taran ya raba su da kansa," in ji Yaya. "Kowace sai da ya gyara da fensir. Sati biyu yana yi. Ya ce rubutun yaron nan yana da kyau, gaskiya ce kawai ba ta ishe shi ba tukuna."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na ce mata ga shi, ta mayar ƙarƙashin gado, ni ban cancanta ba.

"Ni na sauke amanata. Ɗauki kayanka." Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta fito da kofin ruwa ta ajiye a ƙasa kusa da ni, ba a hannuna ba.

Na sha.

Talata, 25 ga wata, 9:30 na safe

Akwatin yana kan teburin ofis. Na sayo soson ƙarfe da mai, na fara da zarto. Mai shagon waya ya leƙo ya ce sana'a na canza? Na ce na ubana ne. Ya ce, "Au, kana da uba kafinta?" Shekara bakwai muna bango ɗaya da shi.

Labarin kujerar ba zan iya sa shi a ko'ina ba, na sayar. In na faɗa ma cewa za a yi daga rediyo na ɗauko.

Na buɗe nawa shafin. Na goge "ba wanda ya ɗaga ni." Tun ƙarfe bakwai nake zaune, ni da nake cika shafi a minti arba'in, layi ɗaya na samu. Na tura wa maman yara ta waya, bisa doka.

Ubana kafinta ne.

Ta amsa: "Na gane. Ci gaba."